Wa Zai Biya La'adar Dillali?

Karatu: Farawa 23, Irmiya 32:6-15, 2 Sarakuna 5:20-27

A daminar bara aka kawo wata magana gaban dattawan ikkilisiyarmu a Uke, wadda ta ci mana zama uku, har yanzu kuwa ba zan ce ta gama kwanciya a zukatan waɗanda abin ya shafa ba. Na nemi izininsu kafin in rubuta, na kuma ɓoye sunayensu, gama abin da ya same su yana samun gidaje da yawa a wannan hanya tamu.

Wata gwauruwa ce. Mijinta ya yi aikin gwamnati a Abuja shekaru masu yawa, suna zaman haya a Mararaba har Ubangiji ya kira shi. Bayan doguwar zirga-zirga aka biya ta haƙƙinsa. Ta ƙudura a ranta ba za ta taɓa kuɗin ba sai ta samar wa 'ya'yanta huɗu wurin da ba wanda zai ƙara ƙwanƙwasa musu ƙofa a ƙarshen shekara yana neman kuɗin haya. Sai ta kira wani saurayi ɗan ikkilisiya, ɗaya daga cikin mawaƙanmu, wanda kowa ya san dillancin gidaje da filaye ne abincinsa. Ta ce masa, "Ɗana, ka nemo mini gida, ko mai ɗaki uku ne, inda ruwa ba ya kwanciya." Ya ce, "Mama, ki bar mini wannan." Wata huɗu yana yawo kafin ya samo. Ya ce mata mai gidan ya tsaya a kan naira miliyan 9, ba ragi. Ya kuma ba ta shawara a rubuta miliyan 5 a takardar ciniki domin kuɗin da gwamnati za ta karɓa wajen rajista ya yi sauƙi, ya ce haka kowa yake yi. Ta yarda. Mai gidan yana wani gari, saboda haka ta zuba kuɗin a asusun dillalin, shi kuma ya kai masa takarda ya sa hannu. Ta ba saurayin naira 450,000 la'adarsa, watau kashi 5 cikin 100, ta sa masa albarka, ranar Lahadi kuma ta kawo baikon godiya.

Bayan wata biyu tsohon mai gidan ya zo kwashe sauran katakon da ya bari a bayan gida. Ana cikin hira ya ce mata, "Ai na yi miki sauƙi, Mama. Gida kamar wannan a miliyan 8!" A nan ne ta ji cewa miliyan 8 ya nema, miliyan 8 aka kai masa, daga ciki ma ya cire naira 400,000 ya ba dillalin ladan wahalarsa.

Da aka kira saurayin bai yi musu ba, bai kuma ga laifinsa ba. Ya ce, "Baba, ban tilasta kowa ba. Mama ta ga gidan, ta so shi, ta yarda da kuɗin. Mai gida ya sami abin da ya nema. Wata huɗu na yi ina ƙona mai, kuma ba ni kaɗai na ci ba, akwai dillalai uku a tsakani da na sallama." Dattawa suka rabu tun a kan tambaya ta fari. Waɗansu suka ce ai mai sayarwa ne ya kamata ya biya dillali tun da shi ya karɓi kuɗi. Waɗansu suka ce a'a, a ƙasar Abuja mai saye ne yake biya, kowa ya sani. Muka kwashe zama guda a kan wannan, ba mu kai ko'ina ba.

Wanda bai san wannan hanya ba zai yi mamakin yadda dillali ya zama kamar ƙofar gari. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta keɓe ƙasar da za a gina sabon babban birnin tarayya, ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Legas. Birnin ya yi wa masinja da direba da malamin firamare tsada, sai suka malalo gabas. Nyanya ta cika, Mararaba ta cika, Masaka ta cika. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, ya ƙara turo iyalai masu yawa wannan gefe. Jami'ar Bingham, wadda aka kafa a 2005, ta zauna a wajen Auta Balefi, gonakin doya da dawa kuwa suka riƙa zama fuloti har zuwa Keffi. Mu a Uke daga Abuja muke cin abinci, amma a takarda muna cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamnan da yake Lafiya ne yake riƙe da ƙasar jihar amana, ba ministan Abuja ba. Duk da haka za ka ga allo a bakin titi ana tallar fili "a Abuja", baƙo kuwa ba zai gane ba sai ranar da ya je neman takardar mallaka.

A ƙauyen da aka haife ni ba a bukatar dillali a sayi gida, gama kowa ya san wanda ya gina shi, da wanda ya gāje shi, da inda iyakarsa ta tsaya. A nan kuwa mai saye baƙo ne, mai sayarwa ma sau da yawa baƙo ne da ya saya daga hannun wani baƙo. Mutum ɗaya ne ya san su duka biyu, ya san unguwar da ruwa yake ci a watan Agusta, ya san filin da 'yan'uwa suke shari'a a kansa, ya san wanda aka sayar wa mutum biyu. Wannan sani shi ne hajar dillali. Ba shi da bulo ko kwano a gidan, amma abin da yake sayarwa yana da daraja, ƙafarsa da bakinsa kuma sun yi aiki. Saboda haka kada kowa ya karanta wannan rubutu ya ce an haramta la'ada. Ubangijinmu da kansa ya koyar a Luka 10:7 cewa wanda ya yi aiki yana da haƙƙin a biya shi, Bulus ya maimaita wa Timoti, Littafin Firistoci 19:13 kuwa bai yarda ma haƙƙin ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki ba.

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tana kuma da mutuncinta. Wani Baturen Birtaniya mai yawon duniya, Hugh Clapperton, ya iso Kano a watan Janairu 1824, ya ba da labarin abin da ya gani a kasuwar birnin. Ya ce idan aka sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, aka kai har Barno, aka buɗe aka tarar ba shi da kyau, akan komo da shi Kano, gama sunan dillali yana rubuce a cikin kowane ƙunshi. Dillalin ne zai nemo mai kayan, a tilasta masa ya mai da kuɗi. Ku duba wannan da kyau. La'adar da wancan dillali ya karɓa ba ta nuna hanya kaɗai ba ce. Ya sa sunansa a cikin kayan, sunan kuma yana biye da kayan tafiyar kwana da kwanaki. Dillalinmu na yau, in ban da kaɗan, da zarar kuɗi ya shiga asusu sai lambar wayarsa ta daina shiga. Akwai ƙwararru masu rajista da hukumar da dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa domin masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, waɗanda za a iya kai ƙararsu a hukunta su. Amma yawancin waɗanda talaka yake hulɗa da su a bakin titinmu ba su da rajista da kowa, wayar hannu da takalmi ne jarinsu.

To, wa zai biya? Al'ada ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A nan an saba mai neman haya ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, mai sayen gida kuma ya biya wajen kashi 5, sau da yawa mai sayarwa ma a karɓi nasa. A Ingila mai sayarwa ne yake biyan dillalin gida, tun 2019 kuma doka ta hana dillalai karɓar kuɗin dillanci daga hannun ɗan haya. A Jamus, tun watan Disamba 2020, idan mai sayarwa ne ya ɗauki dillali ba a ɗora wa mai sayen gidan zama fiye da rabin la'ada. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce wanda ya ɗauki ƙwararre aiki a kan yarjejeniyar haya shi ne zai biya shi. A Amurka an daɗe mai sayarwa yana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye, har mai saye yana ganin kamar kyauta ake yi masa aiki. Masu sayar da gidaje suka kai ƙara, a watan Oktoba 2023 masu taya alƙali shari'a a Jihar Misuri suka sami ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar da waɗansu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki don la'ada ta zauna a sama, suka yanke diyya wajen dala biliyan 1.8. Ƙungiyar ta nemi sulhu a 2024, ta yarda ta biya dala miliyan 418. Tun watan Agusta na wannan shekarar kuwa, dillalin da yake cikin ƙungiyar ba ya zagayawa da mai saye ganin gida sai sun rubuta yarjejeniya, an faɗi abin da za a biya shi.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi waɗannan labarai shi ne, ko'ina aka gyara doka, wuri ɗaya aka nufa: a san wanda ya kira dillali, a kuma faɗi ladansa tun kafin ciniki. Game da aljihun da kuɗin yake fitowa kuwa, doka ba ta da iko sosai. Mai sayarwa da ya san za a cire kashi 5 daga kuɗinsa zai ɗora shi a kan farashi tun kafin a taya. Mai saye da ya san zai sallami dillali zai rage tayinsa gwargwadon haka. Tukunya ɗaya ake ɗiba, ko da wane ludayi. Wanda ya fi matsuwa a cikin su biyun shi ne yake ɗaukar kaso mai nauyi. A hanyar nan tamu, inda masu neman gida suka fi gidajen yawa, mai saye ne yakan ɗauka. Ranar da mai gida yake da mara lafiya kwance a asibiti, yana neman kuɗi kafin Jumma'a, shi ne zai ɗauka, ko da a takarda an ce mai saye ne ya biya. Ashe gardamar da dattawa muka yi a zama na fari, a bakin rijiya muka yi ta, ba mu leƙa ciki ba.

Amma hannun da ya miƙa kuɗin yana da ma'ana ta wani fanni, wannan ne kuwa ya fi damuna. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar da gwauruwar nan ta ce "ɗana, ka nemo mini gida", shi kuma ya amsa, ya zama idonta da kunnenta da bakinta. Aikinsa ne ya taya mata da kyau, ya gaya mata inda ɗakin yake yoyo, ya matsa wa mai gida ya rage. Ranar da ya karɓi lada daga mai gidan kuma ya zama wakilinsa, aikinsa ne ya samo masa kuɗi mafi yawa. Ɗaya tana so farashi ya sauka, ɗaya yana so ya hau. Ubangiji ya riga ya faɗa mana a Matiyu 6:24 abin da yakan sami baran da yake da iyayengiji biyu, dole zuciyarsa ta karkata ga ɗaya. Ayar kuwa ba ta tsaya a nan ba, ta ambaci sunan ubangidan da yakan yi nasara, watau dukiya. Saurayinmu bai karkata ga Mama ba, bai karkata ga mai gida ba. Ya yi wa na ukun aiki.

Akwai ma wani tarko a cikin lissafin kashi cikin ɗari wanda mai saye ba ya lura da shi. Idan ladan dillalinka yana ƙaruwa da ƙaruwar farashi, to, duk naira da ya rage maka ya rage wa kansa. Bakinsa yana wajenka, cikinsa yana wajen mai gida. Mutumin kirki zai iya cin nasara a kan wannan gwaji, amma ba hikima ba ce ka sa ɗan'uwanka a cikinsa kullum. Ya fi kyau a yanka lada tsayayye tun da fari, ko gidan ya yi tsada ko ya yi araha.

Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi fataucin shanu a ƙuruciyarsa, ya tashi ya kāre saurayin ta wata hanya. Ya ce ai dillali na tsakiya ne, ba na kowa ba. Gaskiyarsa ce, akwai irin wannan dillanci. A kara, dillali yakan tsaya tsakanin mai saniya da mai saye, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya lallashe shi, ya koma ga wancan, har a sallama. Amma su biyun suna tsaye, suna ganin juna, sun ji kuɗin da ciniki ya faɗa a kai, sun san la'adar da za a bayar. Mai shiga tsakani a sarari zai iya karɓa daga hannu biyu ba tare da zunubi ba. Haka kuma ɗan kasuwa yana da ikon ya sayi gida miliyan 8 da kuɗinsa, ya ajiye, ya sayar miliyan 9 ko 10. Ribarsa halal ce, gama ya zuba jarinsa, idan farashi ya faɗi ko ruwa ya ci gidan shi ne zai yi kuka. Saurayinmu bai zuba ko kwabo ba. Ya sa rigar wakili ya karɓi ladan wakili a wurin Mama, ya sa ta kuma a wurin mai gida, sa'an nan ya ci ribar ɗan kasuwa da kuɗin gwauruwa a matsayin jari. Abin da ya sa dabarar ta yiwu kuwa abu ɗaya ne, bai bar su biyun sun zauna a tabarma ɗaya ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce yarda. Ta ga gidan, ta so shi, ta biya da hannunta, wataƙila ma gidan ya kai miliyan 9 ɗin. Ina cutar take? Na kwana biyu ina juya wannan tambaya, sai labarin Gehazi ya zo mini. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo wa Elisha kyauta, annabin ya ƙi karɓa. Gehazi ya bi shi da gudu, ya yi magana da sunan maigidansa, ya ƙago baƙi biyu masu bukata, ya roƙi talanti ɗaya na azurfa da riguna biyu. Na'aman bai yi gunaguni ba, shi ne ma ya matsa masa ya karɓi talanti biyu. Attajiri ne, abin bai rage shi da kome ba, ya koma Suriya da farin ciki. In da yarda kaɗai ce ma'auni, da Gehazi ya fita. Amma Na'aman ya yarda ne da labarin da ba gaskiya ba, ya ba da kuɗin ga bukatar da ba ta wanzu ba, da sunan mutumin da bai aiko ba. Haka Mama. Abin da ta yarda da shi shi ne, mai gida ya tsaya a kan miliyan 9, ba ragi. Mai gida kuwa bai taɓa faɗin haka ba. Da saurayin ya ce, "Mama, mai gida yana neman 8, ni kuma wahalata da ta abokan aikina miliyan 1 ce," da ta iya yarda, ta iya tayawa, ta iya ƙi. Ya ɗauke mata wannan zaɓi. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya, wanda bai san farashin unguwa ba kuwa makaho ne a wannan unguwa, ya kuma miƙa maka sandarsa da hannunsa.

Cinikin ƙasa na fari da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarinsa dalla-dalla yana cikin Farawa 23. Saratu ta rasu, Ibrahim baƙo ne a Hebron, ba shi da ko taƙin ƙasa da zai binne matarsa. Abin lura, shi ma ya nemi masu shiga tsakani, ya roƙi Hittiyawa su yi masa magana da Efron. Amma maganar a ƙofar gari aka yi ta, Efron yana zaune a wurin, ya faɗi shekel 400 na azurfa da bakinsa, jama'a suna ji. Ibrahim ya auna masa daidai abin da ya faɗa, aka lissafta saurar da kogon Makfela har da itatuwan da suke cikin iyakar. Masana da yawa suna ganin Efron ya tsauwala, mai yiwuwa ne. Ko da Ibrahim ya saya da tsada, ya san nawa ya biya, ya san hannun da kuɗin ya shiga. Irmiya ma, sa'ad da rundunar Babila take kewaye da Urushalima, ya sayi saurar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot shekel 17, ya auna kuɗin a gaban shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a like ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa don su daɗe. Ciniki ne tsakanin dangi, a lokacin yaƙi, bisa ga umarnin Allah, duk da haka ba a ce "ai na gida ne" an bar rubutu ba.

A nan ne maganar ta juyo kan Mama kanta, da mai gidan, abin da ba wanda ya so a taɓa. Takardar da suka sa wa hannu miliyan 5 take faɗi. Da an rubuta gaskiya, da mai gida ya ga 9 ya tambayi inda sauran ya shiga, ko Mama ta ga 8 ta riƙe kuɗinta. Ƙaramar ƙaryar da su biyun suka yarda a yi wa gwamnati ita ce bargon da babbar ta lulluɓa da shi. Na faɗi wannan da rawar jiki, gama mace ce mai tsoron Allah, shawara kuma aka ba ta. Amma Hananiya da Safiratu ma fili suka sayar, Bitrus kuwa ya gaya musu a sarari cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta su kawo duka. Abin da ya kashe su shi ne faɗin farashin da ba shi ne ba. Mu nawa ne a cikin majami'unmu muke da irin wannan takarda a ƙarƙashin akwati?

Kada dillalai su ce an taru a kansu. Masu saye ma suna da nasu halin. Akwai wanda dillali zai yi mako uku yana yawo da shi a rana, ya nuna masa gida, shi kuwa ya ce bai yi masa ba, da dare ya zagayo ya sami mai gida su gama a ɓoye. Karin Magana 20:14 ya san wannan mutum, mai kushe kaya a gaban mai shi, ya bar wurin yana yabon wayonsa. Wannan sata ce, ko da ba kotun da za ta kama shi. Akwai kuma namu na cikin ikkilisiya, wanda yake ganin tun da dillalin ɗan'uwa ne cikin Almasihu, "Allah ya sāka" ta ishe shi. Ɗan'uwan yana da mata da 'ya'ya, mai babur kuma ba ya karɓar albarka a madadin kuɗin mai. Na tabbata rabin ƙarin da dillalai suke ɗorawa a ɓoye tsoron irin waɗannan mutane ne ya haife shi. Wanda aka taɓa zagayewa sau biyu yakan koyi ɗibar rabonsa tun kafin a raba. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna cewa rashin amana a wannan sana'a daga gefe biyu ake ciyar da shi.

Ga inda na tsaya, wanda yake da hujjar da ta fi sai ya rubuto. Wanda ya kira dillali shi ne zai biya shi, a kuma yanka ladan kafin a taka ƙafa zuwa ganin gida. In dillali zai karɓa daga gefe biyu, to, gefe biyun su sani, ya kuma daina kiran kansa wakilin ɗayansu. Mai saye da mai sayarwa su ga juna ido da ido, ko da mota za a hau zuwa wani gari, kuɗin gida ya shiga asusun mai gida, na dillali ya shiga nasa dabam, abin da aka biya kuma shi za a rubuta. Dillalin da ya ƙi a yi wannan zama, ya ce mai gida ba ya son a dame shi, ya riga ya gaya maka abin da kake bukatar sani.

A zama na uku dattawa suka bar wa saurayin naira 450,000 da Mama ta ba shi, gama ita ta kira shi, ya kuma samo gidan. Mai gidan ya ce ya yafe nasa 400,000. Miliyan ɗayan ne ya kawo sabuwar gardama, domin mai gidan ya ce in dai an sayar da gidansa miliyan 9, to, ragowar tasa ce. Ba maganar banza ya yi ba, shi ma wakilinsa ne ya ɓoye masa. Amma yawancin dattawa suka ga cewa shi ya sami abin da ya nema da bakinsa, ita kuwa an karɓi nata da maganar da aka ƙaga aka sa a bakinsa, saboda haka aka ce kuɗin ya koma wurinta. Dattijon nan mai fataucin shanu bai yarda ba, a ganinsa raba shi ya kamata a yi biyu, har yau kuma bai sake ra'ayi ba.

Daga cikin miliyan ɗin, naira 600,000 sun riga sun tafi hannun dillalan nan uku, waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba ne, suka kuwa ce ba su san zancen ba. Saurayin ya sayar da babur ɗinsa ya kawo 400,000 nan take, ya ɗauki alkawarin biyan 50,000 kowane wata har shekara guda. An sa shi ƙarƙashin horo wata shida, yanzu ya koma cikin mawaƙa. Aka sake rubuta takardar ciniki da miliyan 8, Mama ta kai ta ofishin filaye na jihar, kuɗin rajista ya fi abin da aka gaya mata da fari, ta biya. Ya kawo na wata tara, saura uku. Takan karɓa a gaban ma'ajin ikkilisiya, ta ce, "Sannu, ɗana," shi kuma ya rusuna ya ce, "Na gode, Mama." A watan jiya ƙanwarta ta zo daga Kafanchan neman fili, Mama ta kai ta wurin wani dillali dabam.